Wasan Yara, Lissafin Manya: Abin da Na Gano da Na Tashi Buga Wasa da Hausa a Riyadh

Da yake Juma'a da Asabar ne hutun ƙarshen mako a Saudiyya, duk ranar Alhamis da yamma nakan bar ɗakin kwanan ɗalibai in tafi gidan wata 'yar'uwar mahaifiyata a nan Riyadh. Tana da yara huɗu, babban yana da shekara 15, ƙaramin 9, kuma duk a nan aka haife su. Suna jin Hausa sarai, amma in ka yi musu magana da ita, da Larabci za su mayar maka.

Wata Alhamis na je musu da takardu, da fensir, da 'yar jaka mai ƙwallon dabino goma a ciki, huɗu daga ciki na shafa musu baƙin tawada. Muka zauna a kan darduma, na ce: "Kuna cikin ayarin mahajjata masu tafiya a ƙasa. Kwana uku ke nan da barinku Abeche, ruwan salka ya kusa ƙarewa, ga jakinku ya gurgunce. Madugu ya ce a bar shi a nan. Me za ku yi?"

Ƙaramin ya yi zumbur ya miƙe, ya ce: "A'a wallahi Anti, ba za mu bar shi ba! Ni zan ɗauki kayan!" Da Hausa ya faɗa, tiryan-tiryan. Na miƙa masa jakar, na ce ya zaro ƙwallo biyu, in babu baƙi a ciki ya iya ɗaukar kayan har rijiya ta gaba. Mahaifiyarsu ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, ta tsaya tana kallonsa. Da za ta raka ni ƙofa ta ce: "'Yata, wannan abin ki buga mana shi littafi mana. Akwai gidaje da yawa irin nawa a Makka da Jidda."

Na amsa da "To, Umma" cikin sauƙi, kamar wadda aka aika kanti. Watanni na yi ina bin wannan magana a tsakanin darussa da rubutun digirina na biyu, kuma abin da na gano shi nake son in ba mai karatu labari.

Wane irin wasa ne wannan?

Ba lido ba ne, ba karta ba, ba kuma wasan waya ba. Ni na laƙaba masa suna wasan shiga-labari. Mutum ɗaya ne mai jan labari, kamar kaka mai tatsuniya, sai dai masu sauraro ba shiru suke yi ba. Kowa na da mutumin da yake wakilta a cikin labarin, da takardar da aka rubuta ƙarfinsa da rauninsa da guzurinsa. Mai jan labari ya kawo matsala, 'yan wasa su faɗi abin da za su yi, sannan a jefa ƙwayar lido ko a zari kati don a ga ko an dace. Kayan da kamfani ke sayarwa littafi ne kawai mai ɗauke da ƙa'idoji, da taswira, da bayanin duniyar da labarin ke gudana a cikinta.

A Amurka aka fara sayar da irin wannan wasa a 1974, lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a ƙarƙashin wani ƙaramin kamfani mai suna TSR, a garin Lake Geneva na jihar Wisconsin. Kwafi 1,000 suka fara bugawa, kowanne a kan dala 10. Wasan ya karɓu ya zagaye duniya, amma duk da haka kamfanin bai tsira ba. Bashi ya yi masa katutu, aka riƙa dawo masa da litattafan da ba su shiga kasuwa ba, har a 1997 kamfanin Wizards of the Coast ya saye shi, shi ma Hasbro ya haɗiye shi a 1999. Wato ko wanda ya ƙirƙiro sana'ar, lissafi ne ya kayar da shi, ba rashin basira ba.

Birnin da wasa ya zama jari

In don sha'awar wasa ne, Riyadh ba ta da na biyu a yankin nan. A watan Satumbar 2022 aka sanar cewa kamfanin Savvy Games Group, mallakar asusun zuba jari na gwamnati, zai kashe riyal biliyan 142 a harkar wasannin kwamfuta. A 2024 birnin ya karɓi baƙuncin gasar cin kofin duniya ta wasannin kwamfuta, inda kyaututtukan suka haura dala miliyan 60. A kan tebur ma ba a bar su a baya ba: tun 2018 ake shirya babbar gasar kartar balot a Riyadh, kuma da wuya ka shiga majalisar matasa ba ka tarar da allon jakaro ba.

Sai dai wannan ruwan kuɗi ba ya sauka a gonar mai ɗan littafin wasa. Manyan kamfanonin waya da kwamfuta ake nema. Kantunan litattafai kuma, in ka duba sashen wasanni, mafi yawa kayan waje ne ko waɗanda aka fassara zuwa Larabci. Mai son buga nasa, balle da harshen da ba Larabci ba ba Turanci ba, shi da aljihunsa ne.

Inda gizo ke saƙar

Abu na farko da na koya shi ne kuɗin da ke rubuce a bayan littafi ba na mai littafin ba ne. A al'adar wannan kasuwa, mai kanti na sayen kaya a kan kusan rabin farashi, in kuma akwai dillali a tsakani, kashi 40 cikin 100 ne ke isa hannun mai bugawa. Shi ya sa masu sana'ar ke cewa in kuɗin buga kaya da kawo shi ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na farashinsa, to da wuya a ga riba.

Mu ƙaddara littafi ne da za a sayar riyal 50. Riyal 20 ne zai dawo gare ki. A ce bugun kowane kwafi ya ci riyal 12, tunda kaɗan kika buga, kuma a harkar ɗab'i ƙarancin kwafi shi ke sa tsada. Saura riyal 8. A cikin wannan takwas ɗin za a biya mai zane, da mai gyaran rubutu, da mai tsara shafuka, da kuɗin mota. In mai zane kaɗai ya karɓi riyal 3,000, sai kin sayar da kwafi 375 kafin ki fitar da kuɗinsa, ke kuwa ko sisi ba ki gani ba. Ga harajin kayan masarufi na kashi 15 cikin 100 da ake biya a Saudiyya tun Yulin 2020.

Sannan ki juya wannan farashi zuwa naira. Riyal 50 ya ɗan haura dala 13, tunda riyal 3.75 ne dala ɗaya. A lokacin da dala ke kusan naira 1,500, littafin ya kama naira 20,000 ke nan, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024. Farashin da ya yi daidai da aljihun ɗan Riyadh ko Landan, a Kano ya fi ƙarfin iyaye da yawa. Ga shi kuma littafi ɗaya na isar mutum biyar ko shida su yi shekara suna wasa da shi. Mai jan labari kaɗai ke saye, sauran 'yan rakiya ne.

Kuɗin farawa da takardun hukuma

A Turai da Amurka, ƙananan kamfanoni sun sami mafita ta hanyar karɓar kuɗin masu saye tun kafin a buga, musamman a dandalin Kickstarter da aka buɗe a 2009. A can ne a 2021 kamfanin Magpie Games ya tara sama da dala miliyan 9 don wasan Avatar Legends. Amma wannan ƙofa ba kowa aka buɗe wa ba. Kowa na iya ba da kuɗi daga ko'ina, sai dai mai neman kuɗin dole ya kasance a cikin jerin ƙasashen da dandalin ya amince da su, kuma da na duba jerin ban ga Najeriya ko Nijar ko Saudiyya ba. Sai dai mutum ya yi rajistar kamfani a Ingila ko Amurka, ko ya jingina da wani ɗan'uwa da ke can, wanda shi ma haraji zai hau kansa. Bayan haka dandalin na cire kashi 5 cikin 100, masu sarrafa kuɗi su cire nasu, in kuma ba a kai adadin da aka nema ba, ko kwabo ba a ba ka.

Ni kuma ga matsalata ta daban. Iƙamar ɗalibi ta karatu ce, ba ta kasuwanci ba. Baƙo mai son buɗe kamfani a nan sai ya yi rajista da Ma'aikatar Zuba Jari. Wasu sun ba ni shawarar in nemi ɗan ƙasa in yi da sunansa. Ina roƙon duk ɗan'uwan da ke zaune a Saudiyya kada ya saurari irin wannan shawara. Wannan shi ne abin da doka ke kira tasattur, laifi ne mai tara da ɗauri, kuma ga baƙo yakan ƙare da kora daga ƙasa. Littafin da za a sa a kasuwa kuwa sai ya sami izinin hukumar kula da kafafen yaɗa labarai, lambar littafi ta duniya kuma daga Laburaren Ƙasa na Sarki Fahad ake karɓarta.

Kaya a kan ruwa

Mafi yawan akwatunan wasa da ƙwayoyin lido da katunan duniya a China ake yin su, don can ne injina suke kuma can ne sauƙi. Wannan na nufin ƙaramin kamfani ya rataya rayuwarsa a kan jirgin ruwa. A 2021, bayan annobar korona, kuɗin ɗauko kwantena mai ƙafa 40 ya haura dala 10,000 a wasu hanyoyi, ninkin-ba-ninkin abin da aka saba. Daga ƙarshen 2023 hare-haren Bahar Maliya suka sa jirage da yawa zagayawa ta kudancin Afirka. A Afrilun 2025 Amurka ta ɗaga harajin kayan China zuwa kashi 145 cikin 100 na ɗan lokaci, wasu ƙananan kamfanonin wasa suka rufe, wasu suka sallami ma'aikata. Wanda ya riga ya karɓi kuɗin mutane a kan tsohon farashi, shi ke cike giɓin daga aljihunsa.

Darasin da na ɗauka a nan shi ne duk abin da aka ƙara a cikin akwati, an ƙara wata hanyar asara. Ƙwallon dabinon da na yi amfani da shi don rashin kayan aiki, ashe shi ne dabara mafi araha.

Ƙugiya, ƙwayar lido da aljanu

Akwai kuma wahalhalun da namu ne mu kaɗai. Na kai shafuka takwas na gwaji wata ƙaramar maɗaba'a da ke wajen Batha. Da na karɓo, duk inda ɓ da ɗ da ƙ suke sai ga ɗan akwati fanko, saboda salon haruffan da suka sa ba shi da masu ƙugiya. "Ƙasa" ta rasa kanta, "ɗan'uwa" ya zama wani abu daban. Tun daga nan na koyi kulle haruffa a cikin fayil kafin in miƙa, da kuma neman kwafin gwaji kafin a buga sauran.

Sai kalmomi. Babu wanda ya riga ni shimfiɗa Hausar wannan wasa da zan ɗauka in yi amfani da ita. Amma da na koma tarihin fatake sai na tarar kayan aikin na nan jibge: madugu, jagaba, uban dawaki, zango, guzuri, fito. Hanyar ma ba ƙirƙira ba ce. Kakanninmu sun bi ta daga Kano zuwa Maiduguri, su ratsa Chadi ta Abeche, su shiga Darfur ta El Fasher, su wuce El Obeid har Sawakin a bakin teku, su haye zuwa Jidda. Wasu sukan shekara da shekaru a hanya suna noma da ƙwadago don haɗa guzuri, wasu kuma ba su ƙarasa ba, suka zauna a Sudan a garuruwa irin su Mai Wurno, wanda mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Jikokin waɗanda suka iso su ne yau ke amsa sunan Hausawi a Makka da Madina da Jidda.

Abu na uku shi ne yardar iyaye. Da yawa daga cikinsu da sun ga ƙwayar lido sai caca ta faɗo musu a rai, kuma malamai sun daɗe da yin magana a kan wasan da ake jefa ƙwaya. Wasannin Turawa kuma cike suke da bokaye da matsafa da gumaka. Ba mu kaɗai ke da wannan damuwa ba. A shekarun 1980 iyaye da limaman coci a Amurka sun yi ca a kan Dungeons & Dragons, har kamfanin ya cire sunayen shaiɗanu daga bugun 1989. A nan Saudiyya an haramta wasan Pokémon a 2001. A Kano kuwa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i, wadda aka kafa a 2001, hurumin aikinta ya haɗa da litattafai. Mai buga wasa da Hausa da ya yi watsi da wannan, kayansa za su yi kwantai. Sa'ar da aka yi ita ce ƙwayar lido ba farilla ba ce a wannan wasa, tun 1991 aka fitar da Amber, wanda ba a jefa komai a cikinsa. Labarin ayari kuma bai buƙaci boka ba. Ƙishirwa, da 'yan fashi, da rabon guzuri, da riƙon amana sun isa su hana yaro barci.

Akwai wanda ya gwada a gida

Da na fara karaya, sai labarin wani kamfani a Abuja ya ƙarfafa mini gwiwa. NIBCARD Games, wanda Kenechukwu Ogbuagu ya kafa, bai jira China ba. Yana tsara wasannin tebur, yana ƙera su a cikin Najeriya, yana kuma buga wa wasu masu ƙirƙira nasu. Ya buɗe gidan shan shayi da mutane ke zuwa su yi wasa, kuma tun 2016 yake shirya taron wasannin tebur na Afirka da ake kira AB Con. A 2021 kamfanin ya ci kyautar Diana Jones, ɗaya daga cikin masu daraja a wannan fage. Abin dariya, asalin kofin kyautar ragowar wani littafin wasan Indiana Jones ne na TSR da bai yi kasuwa ba aka ƙona shi, wuta ta cinye haruffa biyun farko na sunan.

Abin lura a aikin NIBCARD shi ne bai tsaya ga buga kaya ba, sai da ya koya wa mutane wasan. A inda ba a san abu ba, mai sayarwa ne ke renon masu saye, kuma wannan aiki ne na shekaru da babu mai biyan sa.

Mu ma muna da namu tarihin. Da manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya a shekarun 1980, marubutan Kano ba su zauna jira ba. Balaraba Ramat Yakubu, da Ado Ahmad Gidan Dabino mai In Da So Da Ƙauna na 1991, da ɗimbin 'yan'uwansu, sun buga da kuɗinsu a kan takarda mai araha, suka raba labari kashi-kashi yadda kuɗin na ɗaya zai buga na biyu, suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama, suka bi ta hannun masu sayar da litattafai na kasuwar Sabon Gari. An raina ingancin takardar, amma matan aure da 'yanmata a ko'ina cikin ƙasar Hausa sun karanta. Abin mamaki, ƙananan masu buga wasa a Amurka sun dawo kan wannan hanya: tun 2019 Kickstarter ke ware lokaci na musamman don 'yan ƙananan litattafan wasa masu shafuka kaɗan.

Inda na tsaya

Ban kafa kamfani ba, kuma ba zan kafa ba sai na gama karatu. Abin da na tsayar shi ne littafi mai shafi 32, baƙi da fari, ba akwati, ba ƙwaya, sai taswira ɗaya a tsakiya. A gida za a buga shi, ta hannun wanda ke da rajista, kashi na farko daga Kano zuwa Abeche. In ya fitar da kuɗinsa, a ƙarasa zuwa Sawakin. Na 'yan ƙasar waje a sa masa farashinsa, na gida a sa masa nasa, na farkon ya tallafi na biyun. Za a kuma sa shi a intanet, inda shago irin DriveThruRPG ke bar wa mai littafi kashi 65 zuwa 70 cikin 100, ba kuɗin jirgi ba na sito.

A nan ne maganar ta dawo kanmu, mu da ke zaune a waje. Marubutan Hausa da ke sayar da labaransu ta WhatsApp sun san ciwon: mutum ɗaya ya biya, kafin gari ya waye fayil ɗin ya zaga rukuni goma. Mukan saya wa yaranmu wasan kwamfuta na riyal 250 ba tare da mun nemi ragi ba, amma in ɗan'uwa ya yi abu da Hausa, tambayar farko ita ce "Turo min in gani." Sannan mu dawo muna kukan yara ba sa jin harshe. Ƙaramin kamfani ba ya rayuwa da yabo da addu'a kaɗai. Ɗaruruwan iyalai da za su biya kuɗi, su kuma zauna da 'ya'yansu awa biyu a mako, su ne jarinsa.

Ayarinmu na ranar Alhamis dai yanzu ya kusa El Fasher. Jakin ya warke, amma babbar yarinyar ta sayar da rabin gishirinsu a kan farashin da ƙannenta ke ganin an cuce su, kuma makon jiya sun yi rabin awa suna musu a kai, rabi da Larabci rabi da Hausa. Umma ta ce a wannan Alhamis ita ma a ba ta takarda, kakarta ta bi hanyar da ƙafarta, kuma tana da gyara a taswirata.